Ɗakin 'Yan Alkafura

A bayan babban filin ƙwallon wata jiha ta Arewa akwai wani dogon ɗaki mai rufin kwano da aka raba gida uku ba tare da bango ba. 'Yan dambe na gabas, 'yan judo na tsakiya, sai lungun yamma da aka bar wa masu wasan jimnastik, waɗanda kowa a filin, har da mai gadi, yake kira 'yan alkafura. Da la'asar sakaliya suke hallara, bayan an tashi daga boko, wasunsu kuma sai sun yi satar fita daga Islamiyya.

Kocinsu ba ya wahalar neman yara. Duk inda aka jibge yashi a gaban sabon gini, ko aka binne rabin tsohuwar tayar mota a ƙasa, za ka tarar da yara sun yi layi suna sheƙowa da gudu, su taka, su juya a sama. Wanda ya taɓa kallon 'yan koroso na Kano suna lanƙwasa jiki ya san ba yau aka fara wannan gwaninta a ƙasar Hausa ba. Koci kan tsaya daga nesa ya zaɓi biyu ko uku, ya bi su har gida ya gaida iyayensu. Wahalar tana farawa ne bayan sun zo. Yaron da ya saba juyi uku a jere ana yi masa tafi, sai a ce ya kifa kai ƙasa ya tsaya da hannuwa jikin bango, ya miƙe gwiwa, ya haɗe ƙafafu, ya tsuke yatsu, yau haka, gobe haka, har watanni. Da yawa ba sa kai ƙarshen wata na biyu. "Koci, yaushe za mu fara na gaske?" in ji su. Amsarsa ba ta canzawa: "Kai dai miƙe ƙafar nan tukuna, ɗana."

Dalilinsa yana cikin yadda ake ba da maki. Tun daga 2006 hukumar wasan ta duniya ta daina tsohon tsarin da goma ne ƙololuwa, irin goman da Nadia Comaneci ta Romaniya ta samu a Montreal a 1976 tana da shekara 14. Yanzu alƙalai kashi biyu ne. Wasu suna lissafa wahalar abin da ɗan wasa ya yi, wasu kuma suna farawa daga maki goma suna zaftarewa. Ka dira ka ɗan matsa ƙafa, an cire 0.1. Ka yi babban taku, an cire 0.3. Ka faɗi, maki ɗaya cur ya tafi. A kan yashi ba wanda ya damu da yadda ka sauka muddin ka juya, a gaban alƙalai kuwa juyin da aka dira da tangal-tangal gara ma ba a yi shi ba. Shi ya sa kalmar da ta fi yawo a ɗakin nan ita ce "Tsaya!", kuma ana faɗinta ne a daidai lokacin da tafin ƙafa ya taɓa katifa.

Maza suna da kayan wasa shida: dandamali, doki mai mariƙi, zobba biyu da ke rataye, teburin tsalle, sanduna biyu a jere, da sandar ƙarfe guda. Mata suna da huɗu: teburin tsalle, sanduna biyu masu hawa da sauka, katakon tafiya, da dandamali. A wannan ɗaki ba duka ake da su ba. Sandar ƙarfen wani mai walda ne a bakin kasuwa ya haɗa ta da awon da koci ya ba shi. Katakon tafiyar kafinta ne ya fere shi, aka lulluɓe da tsohon kafet, amma faɗinsa daidai yake da na gasa, santimita 10, tsawo mita 5. Na gaskiyar yana sama da ƙasa da santimita 125, wannan kuwa an ɗora shi kan bulo biyu. Na tsaya kusa da wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba tana hawansa. Ta shafa farin alli a tafin ƙafa, ta kafa ido a ƙarshen katakon, babban yatsanta yana laluben gefe kafin ta saki nauyinta. Leɓenta yana motsi, ban sani ba ko ƙirga take ko addu'a.

Babban rashin shi ne dandamali. Na gasa mita 12 ne ta kowane ɓangare, kuma a ƙarƙashinsa akwai sifirin da ke cilla mutum sama. Nan kuwa katifun 'yan judo ake ara idan sun tashi. Yaron da ya shekara yana horo a kan abin da ba ya mayar masa da ƙarfi, ranar da ya taka na gaske sai ya tashi fiye da yadda ya saba, ya zarce, ya fita layi, a cire masa maki. Haka nan babu ramin soso da ake faɗawa ciki yayin koyon sabon juyi. Hannuwan koci ne ramin, kuma kafaɗarsa ta dama ta daɗe da shaida hakan.

Duk wannan fama saboda mako biyu ne. Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973 zamanin Janar Gowon don ɗinke ɓarakar yaƙin basasa, ita ce sallar ɗakin. Kaduna ta karɓi baƙuncinta a 1977 da 2009, aka yi a Benin a 2021, Asaba a 2022, Abeokuta a 2025. Da zarar ta ƙarato sai lungun yamma ya farfaɗo. A buɗe sansani, a kawo abinci sau uku, jami'an da ba a taɓa gani ba su leƙo suna tambayar lambobi nawa za a kawo. Tambayar tana da tushe, domin a ƙwallon ƙafa mutum goma sha ɗaya ke wahala kan lamba guda, a nan kuwa namiji ɗaya zai iya cin ta ƙungiya, da ta jimilla, da ta kowane kayan wasa shida. Wannan lissafin ne kuma ke jawo wa ɗakin asara. Yaro na fara haskawa, jihar da ta fi kuɗi za ta yi masa tayin alawus da aiki, gasa ta gaba sai ka gan shi sanye da rigar wasu. Ni dai ban ga laifin yaron ba. Wanda aka bari wata ashirin ba ko kuɗin mota, ba a kama shi da rashin kishin jiha.

A jikin bango an liƙa hoton Uche Eke, wanda ya ci zinare a kan doki mai mariƙi a Wasannin Afirka na Rabat a 2019, ya kuma zama ɗan Najeriya na farko da ya shiga jimnastik a Olamfik, a Tokyo a 2021. 'Yan matan kuwa a wayar koci suke kallon Kaylia Nemour ta Aljeriya, wadda ta ɗauki zinare a sanduna masu hawa da sauka a Paris a 2024, lambar Olamfik ta farko da Afirka ta samu a wannan wasa. Koci ba ya ɓoye musu cewa Eke a Amurka ya tashi, ya yi wasa a Jami'ar Michigan, Nemour kuma a Faransa aka haife ta, can ta samu horo.

'Yan matan ne suka fi saurin ɓacewa. Ana kawo su da shekara shida ko bakwai, jiki na da laushi, suna fin mazan natsuwa. Da sun doshi sha biyu sai uwa ta zo da kanta: "Malam, ka yi haƙuri, babanta ya ce ta girma." Ga shi kuwa a ƙa'idar duniya sai a shekarar da mace za ta cika 16 take shiga sahun manya, wato ana cire su tun ba su kai ƙofa ba. Tufafi ne yawanci ke jawo maganar. Koci ya koyi nuna wa iyaye hoton 'yan wasan Jamus da suka fito a 2021 da riga mai rufe jiki har idon sawu, ya ce doka ta yarda da ita. Wata tela a unguwar, wadda 'yarta ta taɓa wasa a nan, ita ke ɗinka musu irinta da yadi mai roba. Wasu iyayen sun ƙara wa 'ya'yansu shekara ɗaya ko biyu saboda haka, wasu sun ce sam.

Waɗanda suka bari ba sa nisa. Wani yana tuƙa adaidaita sahu, ranar Asabar shi ke kwaso ƙananan daga unguwanni kyauta. Wata ta zama malamar motsa jiki a firamare, ita ke turo sababbin yara. Biyu sun yi kwas ɗin alƙalanci, su ne ke zama kan benci da biro da takarda ana saura mako guda a tafi gasa, suna zaftare wa ƙannensu maki ba sani ba sabo, yaran na ƙunƙuni suna komawa layi.