Inshorar tafiya: Wa ke buƙatarta, kuma me ya kamata a duba kafin a biya kuɗi?

Da zarar watan Ramadan ya ƙarato, ofisoshin masu shirya tafiye-tafiye a birnin Bauchi kan cika da masu neman bizar Umara. Ban da su, akwai 'yan kasuwar Wunti masu zuwa saro kaya a Dubai ko Guangzhou, da ɗalibai masu tafiya ƙaro ilimi, da marasa lafiyar da ake kai wa asibitocin Alƙahira ko na Indiya. Kowannensu yakan tsaya kai da fata wajen cinikin tikiti da masauki, amma kaɗan ne ke tambayar abin da ke rubuce a takardar inshorar da aka haɗa musu cikin sauran takardu. Galibi sai ranar da mutum ya kwanta a gadon asibiti a ƙasar da bai san kowa ba ake nemo takardar, kuma a ranar ne wasu ke gano cewa ba ta ƙunshi abin da suka zata ba.

Mece ce inshorar tafiya?

Yarjejeniya ce ta ƙayyadadden lokaci tsakanin matafiyi da kamfanin inshora. Matafiyi zai biya wani kuɗi kafin ya tashi, kamfani kuma ya ɗauki alkawarin biyan wasu asarori da aka lissafa idan sun auku a cikin kwanakin tafiyar. Mafi muhimmanci a cikinsu su ne kuɗin jinyar gaggawa, da ɗaukar majinyaci zuwa asibitin da zai iya duba shi, da dawo da shi gida ko dawo da gawarsa. Wasu tsare-tsaren kan ƙara da diyyar fasa tafiya, da jinkirin jirgi, da ɓatan kaya ko fasfo.

Tsarin inshorar lafiya na cikin gida, na tarayya ne ko na jiha, an yi shi ne domin asibitocin Najeriya. Ma'aikacin da ke zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da katinsa a duba shi ba zai iya nuna wannan katin a Jidda ko Istanbul ba.

Inda take dole

Mai neman bizar ɗan gajeren zama ta ƙasashen Shengen, irin su Faransa da Jamus da Italiya, ba shi da zaɓi. Dokar biza ta Tarayyar Turai ta shekarar 2009 ta wajabta masa inshorar lafiya da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000, wadda ke aiki a dukkan ƙasashen yankin na tsawon kwanakin da zai yi, kuma ta ƙunshi jinyar gaggawa da dawo da shi gida.

Ita kuwa Saudiyya, tun daga shekarar 2020 ta haɗa inshora a cikin kuɗin bizar masu zuwa Umara daga ƙasashen waje, haka kuma ake yi wa mahajjata. Wannan inshorar tana kula da larurar gaggawa da haɗari a cikin ƙasar Saudiyya ne. Don haka maniyyacin da zai tashi kai tsaye daga Filin Jirgin Sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a jirgin alhazai ya riga ya biya wata kariya ko bai sani ba. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi hukumar jin daɗin alhazai ko wakilin da ya yi masa biza su bayyana masa abin da ta ƙunsa. Wanda kuma zai yada zango na wasu kwanaki a Masar ko Turkiyya kafin ya wuce, ya san cewa kariyar Saudiyya ba ta kai can ba.

Inda zaɓi ya rage ga matafiyi

A nan tambaya ɗaya ce ke raba gardama: wace asara ce idan ta auku ba zan iya ɗaukarta daga aljihuna ba? Ɓatan jaka ko kwana guda a filin jirgi abin takaici ne, amma ba ya karya gida. Kwanciya a sashen kulawa ta musamman a ƙasar waje, ko ɗauko majinyaci a jirgi tare da likita, na iya cinye jarin mutum har a kai ga sayar da gida ko gona, musamman da yake ana biyan kuɗin da dala ko fam ne, ba da naira ba. A Ingila, baƙon da ya zo ziyara aka kwantar da shi a asibitin gwamnati ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin da aikin ya ci. A Amurka kuwa tsadar asibiti ba ɓoyayyen abu ba ne.

Saboda haka, wanda zai je ƙasar da jinya ke da tsada, ko zai daɗe, ko shekarunsa sun ja, ya fi kowa buƙatarta, kuma ɓangaren lafiya ya kamata ya fara dubawa. Wanda zai yi tafiyar kwana biyu daga Bauchi zuwa Legas ba lallai ne ya saya ba. Ɗalibi kuma ya fara tambayar makarantarsa, domin ƙasashe da dama na haɗa kuɗin kula da lafiya cikin sharuɗɗan bizar karatu, kamar yadda Birtaniya ke yi.

Abubuwan da ba ta biya

Nan ne aka fi samun saɓani. Inshorar tafiya ta larurar da ta zo ba zato ce. Wanda ya tashi takanas domin a yi masa dashen ƙoda a Indiya, kada ya sa ran kamfani zai biya kuɗin aikin. Haka nan ciwon da mutum ya daɗe da shi, kamar hawan jini ko ciwon suga ko sikila, yawancin kamfanoni kan cire shi, sai dai in an bayyana shi tun farko an kuma amince a rubuce, sau da yawa da ƙarin kuɗi. Ɓoye ciwo domin a sami rangwame yaudarar kai ce, domin rahoton likitan da ya duba mutum a can zai bayyana shi, kamfani kuma ya sami hujjar ƙin biya. Akwai kuma iyakar shekaru ga tsofaffi, da iyakar watanni ga mai juna biyu.

Yaƙi da tarzoma ma ana cire su a mafi yawan takardu. Lokacin da faɗa ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, Gwamnatin Tarayya ce ta shirya kwaso ɗaliban Najeriya ta iyakar Masar da ta Port Sudan. Annobar korona ta 2020, wadda ta sa Saudiyya ta dakatar da Umara a ƙarshen watan Fabrairun shekarar, ta koya wa matafiya su riƙa duba abin da takarda ta ce game da annoba da rufe iyakoki.

'Yan kasuwa su lura cewa tsabar kuɗi da hajar sayarwa ba sa cikin “kayan matafiyi”. Dilolin yadi ko kwalayen waya na buƙatar inshorar jigilar kaya ta daban.

Haƙƙin da ke kan kamfanin jirgi

Ko babu inshora, matafiyi na da haƙƙi. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke aiki da ita, ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin kayan da suka ɓata ko suka lalace ko suka makara, zuwa wani iyaka da a yanzu ya kai kimanin dala 2,000 ga kowane fasinja. Sai dai akwai wa'adi: kwana 7 domin kai ƙorafin lalacewar kaya a rubuce, kwana 21 kuma idan makara suka yi. A cika takardar rahoto tun kafin a bar filin jirgi, domin kamfanin inshora ma zai nemi ganinta.

Ga masu neman tsarin Musulunci

Mutane da dama a Arewa na ƙaurace wa inshora saboda shakkun riba da rashin tabbas a cikin cinikin. Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. A tsarin takaful, mahalarta na zuba gudummawa ne a asusun taimakon juna, daga ciki ake biyan wanda asara ta samu. Mai sha'awa sai ya tambaya ko suna da tsarin tafiya, kuma ko ofishin jakadancin ƙasar da zai je yana karɓarsa.

Yadda ake saye

Da farko a tabbatar kamfanin na cikin jerin waɗanda NAICOM ta ba lasisi. Idan ta hannun wakili aka saya, a karɓi rasit da cikakkiyar takardar sharuɗɗa, sannan a kira kamfanin a tabbatar da lambar takardar, domin takardar bogi na iya jawo hana biza. A Najeriya kariya ba ta fara aiki sai an biya kuɗin inshorar.

A duba cewa sunan da ke takardar ya yi daidai da na fasfo, kwanakin sun haɗa da ranar tashi da ranar dawowa, an kuma ambaci duk ƙasashen da za a shiga. Mutumin Bauchi da zai bi mota ta Jos zuwa Abuja, ko ta Ningi zuwa Kano domin hawa jirgi, ya tambaya ko kariyar ta fara daga ƙofar gida ne ko sai an bar ƙasa. A tambayi adadin da matafiyi zai fara biya da kansa kafin kamfani ya shigo, da kuma ko kamfanin zai biya asibiti kai tsaye ne ko sai an dawo a gabatar da rasit. Mai son diyyar fasa tafiya ya saya da zarar ya yanki tikiti, domin abin da ya riga ya faru ba a yi masa inshora.

Idan larura ta auku, a fara kiran lambar gaggawa da ke jikin takardar kafin a amince da babban aiki a asibiti, matuƙar hali ya ba da dama. A adana rahoton likita da rasit, da rahoton 'yan sanda idan sata ce. Wanda kamfani ya ƙi biya ba tare da gamsasshen dalili ba na iya kai ƙorafi sashen karɓar koke na NAICOM. Kafin a tashi kuma, a bar kwafin takardar a hannun wani na gida, a ajiye hotonta a waya, domin majinyacin da ya fita hayyacinsa ba shi ne zai yi kiran ba.