Hawan Dutsen Bagazam: Nasiha Ga Mai Niyyar Hawa Da Sauka A Yini Ɗaya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya 'yan'uwa almajirai da fatake na Rara da Wurno da Rabah da Goronyo, ku sani akwai wani dutse a ƙasar Abzin, arewa maso gabas da birnin Agadas, ana ce da shi Bagazam. Kakanninmu sun san sunansa ta wajen dawakinsa, waɗanda sarakuna ke alfahari da su, da kuma Buzayen da ke sauko mana da gishirin Bilma. Yau samarinmu masu fatauci suna kaiwa Agadas, har waɗansunsu na sha'awar su hau shi da safe su sauko da maraice. Don su muka rubuta wannan.

Bagazam ba tsauni ɗaya ba ne tsaye kamar hasumiya. Wani babban tudu ne na duwatsu, mai faɗi a bisa, da ƙauyuka da garake a kansa. Mutanensa na noman albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa, su ɗora wa jakuna su gangara da su ta matsattsun hanyoyi zuwa Tabelot da ke gindinsa. Ƙololuwarsa, wadda Buzaye ke kira Idukal-n-Tagas, tsawonta mita 2,022 ne daga gaɓar teku, watau ƙafa 6,634, kuma babu wurin da ya fi ta bisa a duk Jamhuriyar Nijar. Ƙasarmu ta gulbin Rima kuwa wajen mita 300 ce kaɗai. Gabas da shi ga hamadar Tenere, wadda ayarin gishiri ke ratsawa zuwa Fashi da Bilma.

To, a nan haɗarin yake. Mai hawa yana tsakanin abokan gaba biyu, zafi a ƙasa, sanyi a bisa. Masana sun auna cewa duk mita dubu da mutum ya hau, zafin iska na raguwa da kamar digiri shida. Sai ka ga wanda gumi ya jiƙa wa riga da hantsi yana kakkarwa bayan la'asar. Iskar wurin kuma busasshiya ce, tana shanye gumi tun bai tsaya a fata ba, mutum na ta rasa ruwan jikinsa bai sani ba. Alamun haka su ne ciwon kai, da jiri, da fitsari ya yi ja ya ƙaranta. Wanda ya ga haka ya nemi inuwa, ya sha ruwa kaɗan kaɗan da ɗan gishiri.

Lokacin da ya dace shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da bazara zafin gindin dutsen kan wuce digiri 40. Da damina kuwa ruwa kan sauka a bisa, ambaliya ta cika busasshen kwari farat ɗaya, alhali na ƙasa bai ga hadari ba.

Mai niyya ya tashi da an sallame asuba. Kada ya tafi sai da ja-gaba ɗan ƙasar, ya kuma tambayi lafiyar hanya tun daga Agadas, gama yankin ya ga tawaye a 1990 zuwa 1995, da kuma 2007 zuwa 2009. Ya ɗauki ruwa aƙalla lita huɗu, da dabino, da rawani, da bargo, da takalmi mai riƙe ƙafa, ba fade ba. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa wanda ya ji tsoron ƙishirwa in ya yi alwala da ruwan guzurinsa, taimama ta halatta gare shi, dutse kuwa yana cikin abin da ake taimama da shi. Kada kuma a haɗa wannan hawa da azumi.

Gaskiyar magana, baƙon da ya taso daga gindi ya isa bisa tudun ya komo a yini guda ya yi ƙoƙari. Mai son ƙololuwa gara ya kwana a ƙauyen bisa, ya kama hanyarta da sassafe. Ya yanke wa kansa sharaɗi tun bai tashi ba: in azahar ta yi bai kai ba, ko rabin ruwansa ya ƙare, sai ya juya. Saukowa ta fi hawa wuyar gwiwa, dare kuma ba ya jiran wanda ya makara.

Kada wani ya ce juyowa abin kunya ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da malamin ya nufi hajji, Shehu ya komo gida, domin mahaifinsa bai ba shi izni ba. Wanda ya juyo daga hanyar Makka saboda kiyaye haƙƙi, ina ga mai juyowa daga kan dutse domin kiyaye rai, wanda amana ne a hannunsa? Hausawa sun ce in da rai da rabo. Dutse na nan inda Allah ya kafa shi, wata shekara sai a koma.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su ga iyalansu lafiya. Wassalamu.