Kafin ka mai da mota ɗakin kwana

Akwai wani irin bidiyo da ke yawo a wayoyin samari a 'yan shekarun nan. Bature da matarsa sun sayi tsohuwar bas, sun fitar da kujerun, sun lulluɓe cikinta da katako mai sheƙi, ga gado, ga wurin girki, ga 'yar taga da labule tana kallon teku. Yau su kwana a gindin dutse, gobe a bakin tafki, ba kuɗin haya, ba mai gida da zai buga musu ƙofa ƙarshen wata. A Amurka da Faransa da Jamus akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, ƙera motar da ake zama a ciki. Sai dai ko a can ba kowa ke yi don nishaɗi ba. Fim ɗin Nomadland, wanda ya ci babbar lambar Oscar a 2021, ya nuna dattawan Amurka da karayar tattalin arzikin 2008 ta raba da muhallinsu, suka koma kwana a mota suna bin aikin ƙodago daga jiha zuwa jiha.

Mu a Kwatano ba sai an nuna mana wannan a waya ba. Unguwar Zongo na bakin tashar jiragen ruwa, kuma duk wanda ya tashi a nan ya san direban da kan tirelarsa ne ɗakinsa, falonsa da kicin ɗinsa. Daga nan zuwa Yamai ya haura kilomita 1,000, ta Bohicon da Dassa da Paraku da Kandi, a haye gadar Malanville zuwa Gaya, a bi ta Dosso. Tuƙin kansa kwanaki kaɗan ne. Jira shi ke cin rayuwa: jiran lodi, jiran takarda, jiran duwan, wato kwastan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, da aka rufe iyaka, ɗaruruwan manyan motoci sun yi jerin gwano a Malanville, direbobi da yaransu suka shafe makonni, wasu watanni, ba su da wani gida sai motar. A Fabrairun 2024 ECOWAS ta janye takunkumin da ta sa bayan juyin mulkin, amma Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren gadar ba, sai da yawa suka karkata zuwa hanyar Lome, inda ake jiran ayari da rakiyar soja don ratsa Burkina Faso. Wani jiran ne ya maye gurbin wani.

Saboda haka mutanenmu ma suna gyara cikin mota, kuma suna kashe kuɗi sosai. Daga Zongo zuwa lungunan Houéyiho ba ka rasa mai walda, mai ɗinkin kujera da mai wayarin da za su yi maka duk abin da ka ce. A sa sabon soso, a manna kafet har rufi, a rataya labule mai geza, a jera fitilu masu launi, a kafa fanka da lasifika. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ta ina iska za ta shiga, ta ina za ta fita. A motar Baturen nan, abubuwan da ke tsare ransa su ne waɗanda kyamara ba ta nunawa: ramin iska a ƙasa da na sama da ba a toshewa ko ana sanyi, akwatin tukunyar gas da aka keɓe, fis a kan kowace waya. A Faransa ba a yi wa irin wannan mota rajista a matsayin motar zama sai an duba gas ɗinta da hanyar iskarta. Mu kuwa adon muka ɗauko.

Babban mai kisa a ɗakin mota ba a ganinsa, ba a jin warinsa. Duk abin da ke ci da wuta a wurin da iska ta yi kaɗan, gawayi ne, kananzir ne, fetur ne, gas ne, yana fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Jinin ɗan Adam yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau fiye da 200, don haka ko kaɗan ce a wurin, sai ta riƙa taruwa a jini tana hana shi kai iska ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Farkon alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. A nan haɗarin yake a ƙasarmu, domin waɗannan su ne alamun da kowa ya saba dangantawa da zazzaɓin cizon sauro. Yaron mota zai ce, "Oga, kaina ke sarawa," ogan ya ce, "Maleriya ce, sha magani ka kwanta." Ya kwanta a cikin gubar da ta kawo ciwon. Mai barci kuwa ba ta tashinsa. Daga barcin yake zarcewa.

Hanyoyin da take shigowa duk sanannu ne, kuma ba wanda ke yin su da mugun nufi. Ruwa ya sauko, aka shigo da kurfoti ciki don kada shayi ya lalace, aka ɗaga gilashi. Sanyin hunturu ya kama mutum a Kandi ko Dosso, ya bar garwashi kusa da ƙafarsa. An tayar da ƙaramin janareto a ƙarƙashin bodi don fanka ta juya, hayaƙin ya bi ramukan ƙasan mota ya hau. An bar inji yana aiki duk dare saboda na'urar sanyi, alhali salansa ta huje, ko motar maƙwabci da ke manne da taka tana huro maka nata hayaƙin. Garwashin da ya daina hayaƙi, wanda ake ɗauka ya zama lafiyayye, yana nan yana fitar da gubar har sai ya mutu murus.

Wuta kowace iri ce, wajenta waje. Janareto ya yi nesa da mota, bakin salansarsa yana kallon wani gefen. Idan mutum biyu ko uku a mota ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, ko ciwon yana sauƙi da zarar an fita waje, a daina zargin sauro. Wanda aka samu ya galabaita, a buɗe ƙofofi duka, a fito da shi sarari, a nufi asibiti nan take, a kuma faɗa wa likita cewa hayaƙi ake zargi, domin iskar oksijin ce maganinsa. Manja da madara da ake ɗura wa mutum ba sa cire gubar daga jini, kuma wanda ya suma ana iya shaƙe shi da su. Akwai 'yar na'ura mai batir, ba ta fi tafin hannu ba, da ke yin ƙara idan gubar ta taru. Wanda ya iya sayen lasifika ya iya sayenta.

Tukunyar gas tana da nata halin. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, kusan ninki biyu, don haka idan ya tsiyaya ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya, ƙarƙashin gado da cikin akwatuna. Buɗe tagar sama ba ya fitar da shi. Shi ya sa masu ƙera motocin zama suke huda ƙasan akwatin tukunyar, domin abin da ya zubo ya fice waje. Tukunya ta tsaya a tsaye, a ɗaure, a rufe kanta kafin mota ta motsa da kuma kafin a kwanta. A gwada mahaɗar tiyo da ruwan sabulu. Idan ya yi kumfa, akwai yoyo. Har yanzu akwai masu gwadawa da ashana, Allah ya kyauta. Wanda ya sayi tsohuwar motar Turai a wuraren sayar da motoci na Sèkandji, ya tarar da murhu da tiyo a ciki, kada ya ɗauka tunda daga can suka zo lafiyarsu ƙalau. Tiyon roba yana da wa'adi, galibi an buga shekarar a jikinsa, kuma motar da ta shekara goma sha biyar tana yawo kafin ta hau jirgi ta daɗe da wuce shi.

Jarkar fetur kuma, ba sai an yi dogon bayani ga mutumin Benin ba. Gobarar rumbun kpayo, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, a Sèmè-Kraké ranar 23 ga Satumba 2023 ta kashe mutum fiye da 30. Tururin fetur ne ke kamawa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi, kuma ba shi da wurin zama a inda ake kwana.

Tartsatsin nan yawanci daga wayarin yake zuwa. Mutane na raina wutar batir don ba ta jan mutum, amma ita ce ke narkar da waya. Inbata mai wat 1,000 a kan batir mai bolt 12 tana jan fiye da amfiya 80, abin da ke buƙatar waya mai kauri kamar ta sitata. Sai ka ga an haɗa ta da siririyar wayar fitila, an murɗa da hannu, an naɗe da salatif, an tura ƙarƙashin soso. Ka tambaya, mai wayarin ya ce, "Alhaji, ba komai, zai ɗauka." Zai ɗauka har ranar da girgizar hanya ta goge rigar wayar a bakin ƙarfe. Kowace waya da ta taso daga batir a sa mata fis dab da batirin, kuma fis ɗin da ya ƙone a nemi dalili, kada a maye shi da guntun waya ko takardar sigari. Inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Manyan motoci da bolt 24 suke aiki, batir biyu a haɗe. Masu jan wutar fanka ko cajin waya daga guda ɗaya suna kashe shi da wuri, su jawo wa ɗan'uwansa lalacewa. Batirin ruwa da aka ƙara don sola ko inbata yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, don haka ƙarƙashin katifa ba wurinsa ba ne.

Sai batun kafet da soso, wanda a ganina nan aka fi asarar kuɗi a banza. Motocin Turai an lulluɓe su ne don su riƙe ɗumi. Kwatano gari ne na laima da iskar gishiri, ga damina biyu a shekara. Kafet da aka manna da gam yana shan gumi da tururin numfashi da ruwan da ya biyo takalmi, ba ya bushewa. Sama ya yi fumfuna mai tayar da tari da asma, ƙasa ƙarfen ya yi ta tsatsa ba mai gani. Ledar ɗaki da ake gogewa, ko tabarmar da ake fitarwa a shanya, sun fi shi nesa ba kusa ba. Soso kuma idan ya kama wuta yana ci da sauri da baƙin hayaƙi mai guba, a ɗakin da bai fi taku biyu ba. Bayan an yi aikin gam ko fenti, a bar mota a buɗe kwanaki kafin a kwana a ciki. Kuɗin da za a zuba a labule gara a kai su ga ragar sauro a tagogi, domin sauro ne ke sa mutum ya rufe gilashi, rufe gilashi kuma shi ke jawo sauran matsalolin. Da raga da gidan sauro mai magani, an huta da kunna maganin sauro mai hayaƙi a rufaffen wuri.

Zafin rana ma kisa yake yi. Motar da aka rufe a rana, ko da zafin waje bai wuce digiri 32 ba, cikinta na iya kaiwa 50 cikin sa'a guda, balle a Malanville ko Gaya a watan Afrilu. Ƙaramin yaro ba a barinsa a ciki ko na "minti biyar".

Duk abin da aka kafa a ciki, kabad ne, firji ne, akwatin kayan aiki ne, a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfe, domin ƙusa a katako ba ta riƙe komai ranar da aka taka birki da gaske. Kaya masu nauyi ƙasa, kusa da tsakiya. Masu mai da ƙananan bas gida su tuna kowace mota tana da iyakar nauyin da aka rubuta mata a takarda, kuma katako da tankin ruwa da batura suna cinye shi tun ba a ɗauki mutum ba. Taya da birki ne ke biyan bashin. Wanda ya yanka bodi ko ya canza fasalin mota, ya je ya ji matsayin takardunsa da inshorarsa tun kafin wani abu ya faru. Wurin ajiyewa ma abin dubawa ne: a Janairun 2017 hukuma ta share rumfuna da kwantenoni daga bakin manyan titunan Kwatano, kuma motar da ta yi kaka-gida a gefen titi ba ta fi su gata ba.

Mafi yawan waɗannan gyare-gyare ba direba ke da ikonsu ba, balle yaron mota, wanda shi ne ke kwana a ciki ko ƙarƙashin bodi ranar da oga ya samu masauki a gari. Mai mota ne ke sa hannu a aljihu. Alhajin da ke canza taya a kan lokaci don kada kaya su kwana a hanya, shi ya kamata ya sa a duba salansa duk lokacin da aka shiga gareji, ya sayi tukunyar kashe gobara mai hoda wadda wa'adinta bai wuce ba, a rataye ta kusa da ƙofa maimakon a binne ta ƙarƙashin kaya, a kuma nuna wa yaron yadda ake zare fil ɗinta a nufi gindin wutar. Shugabannin tasha da na ƙungiyoyin direbobi na iya sa wannan cikin abin da ake dubawa kafin a ba mota layi. Lambar 'yan kwana-kwana a Benin 118 ce. A rubuta ta a jikin ƙofa, inda ko wanda bai san motar ba zai gani.