Me ya sa abin sha na cikin tulun ƙarfe ke salancewa ko ya zama kumfa zalla?

 Yau wani mai sauraro ne ya turo tambaya. Yana haɗa lemon citta, ya sayi irin tulun ƙarfen nan da ake ɗura wa gas, amma abin ya ƙi yi masa daidai: yau ya buɗe famfo kumfa kawai ke zuba, gobe kuma lemon ya fito salam kamar ruwan randa, bayan sati biyu ɗanɗanon ma ya canza.

To, waɗanda suka fi kowa sanin wannan matsala su ne masu dafa giya a gida a Amurka. Tun da shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta musu hakan a 1978 suke fama da ita, don haka daga wajensu za mu ɗebo bayanin. Ba giya nake tallata muku ba, a fahimce ni. Iskar kabon ba ruwanta da abin da ke cikin tulu, yadda take yi a giya haka take yi a zoɓo.

Tulun da suke amfani da shi, wanda suke kira keg, na kamfanin Cornelius ne, yana cin kusan lita 19. Asalinsa ma na lemo ne, Pepsi da Coca-Cola ne suke zuba kayansu a ciki. Da kamfanonin suka daina amfani da su, sai masu haɗi a gida suka riƙa sayen na hannu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu fara da gas ɗin. Akwai wata ƙa'ida da William Henry, masanin sinadarai na Ingila, ya bayyana a 1803: yawan iskar da ke narkewa a ruwa yana bin ƙarfin matsin da aka yi mata. Sai kuma abu na biyu, ruwan sanyi ya fi riƙe iska. Shi ya sa in ka buɗe kwalbar lemon da ta sha rana take tashi ta ɓata maka riga. A sanyin digiri 4, matsin psi 12 yana ba ka gas wajen ninki biyu da rabi na girman ruwan, wato daidai abin da yawancin giya ke ɗauka. A digiri 20 kuwa, kafin ka samu wannan adadin sai ka kai kusan psi 30. Lemon kwalba ya fi haka gas, saboda haka mai citta zai buƙaci ya ɗan ƙara.

Na uku shi ne lokaci, kuma nan mutane suka fi gaggawa. In ka saita matsin ka bar tulun a firij, sai ya yi sati ɗaya zuwa biyu kafin gas ya gama shiga. Mutum sai ya ɗanɗana a rana ta uku, ya ji salam, ya murɗa regileta zuwa 40, ya manta da ita. Bayan kwana huɗu ga kumfa ta ko'ina, sai ya ce tulun ne ba kyau. Ni a ganina, hannun da ke yawan taɓa regileta ya fi komai ɓata abin sha. In gas ya riga ya yi yawa, ka rufe silinda, ka ja zoben da ke kan murfi iska ta fita, ka bar shi 'yan awanni, ka sake ja. Haka za ka yi ta yi har ya sauka.

Amma fa ba kowace kumfa ce ke nufin gas ya yi yawa ba. Ka ɗanɗana abin da ya rage a kofi bayan kumfar ta kwanta. Sau da yawa za ka ji shi salam, don gas ɗin a hanya ya tsere. Tiyon ne gajere, ko kuma ya ɗumama. Masu giyar can suna sa siririn tiyo mai tsawon wajen mita 3, domin ya rage wa ruwan gudu kafin ya iso famfo. In kofin farko ne kawai ke kumfa, na biyu lafiya lau, to tiyo da famfon ne suka yi zafi. A nan wajenmu kuma ga matsalar ɗauke wuta: firij ya huce, gas ya fice daga cikin ruwan, wuta ta dawo, sai ya ɗauki lokaci kafin ya koma.

In kuwa sati biyu sun wuce kuma har yanzu ba gas, nemi inda yake yoyo. Ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa a murfi da duk wata mahaɗa, inda ka ga ƙwayoyin kumfa na tasowa nan ne. Kada ka dogara da agogon silinda, yaudara gare shi. Muddin akwai sauran ruwan kabon a ciki allurar ba ta motsi sosai, sai ya kusa ƙarewa take faɗuwa lokaci guda. A ɗora silindar a sikeli ya fi. Kuma don Allah kada a ajiye ta a ɗakin da ake kwana a rufe, iskar kabon in ta taru tana kisa.

Yanzu ɗanɗano. In ka ji kamar ka tauna jiƙaƙƙen kwali, iskar oksijin ce ta shiga, kuma wannan ba ya gyaruwa. Maganinsa tun farko ne: bayan ka cika tulu, ka sa gas, ka ja zoben murfi, sau huɗu ko biyar, don a kore iskar da ke sama. In ka ji ƙanshin man shanu ko tsami, yawanci datti ne a tiyo ko famfo, ƙwayoyin cuta sun samu gida. Wuraren sayar da giya masu kula duk sati biyu suke wanke tiyonsu. In kuma wani baƙon ƙanshin lemo kake ji, to tarihin tulun ne ya biyo ka. Zobban roba biyar ne a jikinsa, ɗaya a murfi, biyu a kawunan da ake maƙala tiyo, biyu a bututun ciki, kuma roba tana riƙe wari shekara da shekaru. Canza su duka, ba su da tsada.

Ga inda nake so mai tambayarmu ya saurara da kyau. Giya, yis ya riga ya cinye yawancin sukarinta kafin ta shiga tulu. Lemon citta da zoɓo kuwa cike suke da sukari. In tulun ya yi ɗumi, yis ɗin da ke jikin ɗanyar citta zai farka ya fara ci, kuma abu biyu yake fitarwa: gas da barasa. Alamarsa ita ce zaƙi yana raguwa, gas yana ƙaruwa alhali ba ka taɓa regileta ba, ga wani ɗan wari kamar na ƙullin da ya kwana. In ka ga haka kada ka sayar wa kowa, ka zubar, ka wanke tulun sosai. Nan gaba ka tafasa haɗin kafin ka zuba, kada ka bari ya bar sanyi, kuma ka haɗa iya wanda zai ƙare cikin 'yan kwanaki.

A nan za mu dakata. Wanda ya gwada abin bai yi ba, ya rubuto mana digirin firij ɗinsa, da matsin da ya sa, da tsawon tiyonsa, sai mu duba tare. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.