Damina da Wutar Babur: Ina Ruwa Ke Shiga?

Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta da ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya, aiki kan yi wa masu gyaran babura yawa a Kano, Zariya, Maraɗi da Damagaram. Koken ɗan acaɓa da na ɗan kabu-kabu iri ɗaya ne: babur ya ɗauke wuta a tsakiyar hanya, ko yana fizga, ko an buga kik har an gaji ya ƙi tashi. Akan ɗora wa ruwan sama laifi, alhali Boxer da Jincheng da TVS duk an ƙera su ne su yi tafiya a cikin ruwan sama. Yawancin ɓarnar ta inda muka buɗe wa ruwa ƙofa take shiga.

Batirin babur bolt 12 ne kacal. Amma kafin filogi ya ba da tartsatsin da ke kunna fetur, sai kwayil ya ɗaga ƙarfin wutar ya haura bolt 10,000. Wuta mai irin wannan ƙarfi hanya mafi sauƙi take bi. Idan hular filogi ta tsage, ko robarta ta bushe, ruwa ya kwanta a wurin, sai wutar ta bi danshin ta zirare jikin inji maimakon ta yi tartsatsi a ciki. Ruwan titi kuwa ya fi ɗaukar wuta, domin cike yake da gishiri da datti. Shi ya sa babur kan mutu a kududdufi, ya kuma tashi da kansa bayan zafin inji ya busar da wurin.

Wannan mai sauƙi ne. Mai cin rai shi ne danshin da ke maƙalewa a mahaɗar wayoyi: soket ɗin CDI (na'urar da ke sarrafa tartsatsin filogi), gidan fiyus, makunni, da kan batir. Tagulla ta fara kore, kan batir ya yi farin gari, fitila ta dushe, hon ya shaƙe. Sai bayan makonni matsalar ke bayyana, lokacin mai babur ya manta da ranar da ya jiƙe, ya je ya sayi sabon batir alhali tsohon lafiyarsa ƙalau.

Abu biyu ke damuna a nan. Na farko, wanki da injin feshi. Robar da ke tare ɗigon ruwan sama ba za ta iya da ruwan da aka harbo da ƙarfi ba. Yana kutsawa cikin makunni da ƙarƙashin kujera. Bokiti da soso sun wadatar, kuma a bari inji ya huce tukuna. Na biyu, gyaran gaggawa: a yanke waya don saka ƙarin fitila ko cajar wayar hannu, a murɗe da hannu, a naɗe da salatif. Zafi na narkar da danƙon salatif, ruwa ya shige ya zauna. Haɗi mai kyau shi ne a yi masa dalma a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi.

Kafin damina ta kankama, a sauya hular filogi idan ta tsufa, a goge kan batir a shafa basilin, a sa giris na silikon a bakin soket. Amma kada a ƙunshe na'urar daidaita caji a leda, domin iska take buƙata ta huce, kuma ledar da ruwa ya shiga riƙe shi take yi.

Idan babur ya nutse gaba ɗaya, kamar yadda ya faru da ababen hawa da dama a ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, kada a yi yunƙurin tayar da shi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan ya shiga silinda aka tilasta fistin, sandarsa na iya lanƙwashewa. A fara cire baƙar wayar batir, a kwance filogi, a buga kik a hankali ruwan ya fito, a busar da matatar iska, a tsiyaye kafireto, a sauya baƙin mai idan ya koma launin madara. Soket-soket kuma a buɗe su ɗaya bayan ɗaya su sha iska kafin a mayar da batir.