Kasuwar Tsofaffin Gem a Kafanchan

Baƙon da ya sauka Kafanchan ya ce a kai shi kasuwar 'yan gem, mai babur zai tsaya ya yi ɗan tunani, domin sana'ar a warwatse take. Ga teburi ɗaya a cikin layin masu gyaran waya, ga wani shago maƙale da na mai gyaran talabijin, can kuma wani ɗaki a bayan gidan kallon ƙwallo mai labule a ƙofa. Kunne ne ke kai mutum wurin: ƙarar ƙaramin janareta, ihun mai sharhin ƙwallo daga lasifika, da gardamar samari kan bugun fanareti.

Garin dama ya saba da ƙarfe da masu lallaɓa shi. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗe da na Kaduna da reshen Jos a nan, Kafanchan ta zama mahaɗa, ta tara makanikai da ma'aikata daga ko'ina cikin Najeriya. Jirgi ya daɗe da yin sanyi, amma ɗabi'ar kwance abu a ga cikinsa kafin a yanke masa hukunci tana nan.

Sarauniyar wannan kasuwa ita ce PlayStation 2, wadda yara ke kira PS2 kawai. Kamfanin Sony na Japan ya fito da ita a shekarar 2000, ya sayar da fiye da miliyan 150, ya daina ƙera ta a farkon 2013. A Turai da Amurka masu tara kayan tarihi ne ke nemanta yanzu, su goge su jera a kanta. A Kafanchan jari ce. Mai gidan gem da ke da guda huɗu da talabijin huɗu da benci biyu ya san abin da zai kai gida da yamma, musamman lokacin hutun makaranta da makon Kirsimeti da na Sallah. Ƙa'idar wasa kuwa kowa ya san ta: wanda aka ci shi ke biya, ya kuma miƙa hannu ga na gaba. Hannu shi ne abin da ake riƙewa ana dannawa.

Kayan duk na hannu ne. Daga kasuwar Alaba ta Legas suke tasowa, inda ake sauke kwantenonin tsofaffin kayan lantarki, wasu su biyo ta Anaca, wasu ta Jos ko Kaduna. Ɗan kasuwa kan sayi tari ba tare da an gwada ba, cikin rahusa, sai ya iso gida ya ga rabonsa. Wasu su tashi lafiya, wasu su tashi da ciwo, wasu ko motsi. Gawar ma ba a yar da ita. Daga jikinta ake ciro fanka, da idon karanta faifai, da maɓallin kunnawa, da sukurori, a raya wata.

A teburin mai gyara abin kallon yake. Yaro ya shigo rungume da na'ura a cikin leda, ya gaishe shi, ya ce, "Injiniya, ta daina karanta faifai." Injiniya bai ce komai ba, ya juya ta ya duba takardar da ke manne a gindinta, ya kwance sukurorin ya tara su a murfin kwalba. Abin da ke fitowa daga ciki kan ba da kunya: ƙurar hunturu ta yi kamar auduga a kan fanka, wani lokaci har da busassun kyankyasai. Da tsohon buroshin haƙori yake sharewa. Sannan ya tsoma auduga a sifirit ya shafi idon da ke karanta faifai, a hankali, kamar mai sa wa jariri kwalli. In idon ya gaji ne kawai, akwai wani ɗan mitsitsin abu a gefensa da ake murɗawa a ƙara masa ƙarfi, sai dai mai gaskiya zai faɗa wa yaron cewa wannan jinkirta mutuwa ne. "Ƙanena, kawo filashi a sa maka wasanni, ka huta da faifai."

Wannan shawara ita ta canza sana'ar baki ɗaya. Wasu masu sha'awa a ƙasashen waje sun rubuta wata manhaja mai suna Free McBoot da ake zubawa a katin mimori, da wata mai suna OPL da ke tada wasa kai tsaye daga filashi. Da su biyun, na'urar da idonta ya mutu murus sai ta koma aiki. Tana da aibi, domin kafar filashin PS2 tsohon yayi ce mai nawa, hoton bidiyon cikin wasa kan riƙa sarƙewa. Ba wanda ya damu. Masu sayar da faifai suka ragu, masu kwamfuta da ke loda wasa suka yawaita, mutum ya zaɓi God of War da Mortal Kombat da GTA San Andreas ya biya gwargwadon yawansu.

Amma ƙwallo ce ke ciyar da kowa. Kamfanin Konami ya bar yi wa PS2 sabon wasan ƙwallo tun PES 2014, duk da haka ka leƙa gidan gem ka tarar da Victor Osimhen sanye da rigar Galatasaray a kan na'urar da ta kusa sa'a da shi. Masu yi wa tsohon wasa kwaskwarima ne ke sabunta sunaye da riguna kowace kaka, su zuba a intanet, mafi shahara a cikinsu Bomba Patch na Brazil. Fuskar ɗan wasan ba lalle ta yi kama da shi ba. Gidan da bai sabunta ba dai, yara za su tsallaka zuwa na maƙwabci.

Hannu ne abin da ya fi lalacewa, saboda wanda aka ci a kansa yake hucewa. Robar da ke ƙarƙashin maɓalli ta yage, sandar juyawa ta fara jan ɗan wasa hagu ba a taɓa ta ba, waya ta karye daga wuya. Hannu na asali ko ya tsufa ya fi sabon jabu daraja, kuma masu sana'ar da nauyi suke gane shi tun kafin su duba rubutu.

Na'urorin da suka girmi PS2 sai an tona. Akwai Sega Mega Drive ta 1988, akwai kwaikwayon Famicom ta Nintendo masu kaset ruwan ɗorawa, waɗanda ake rubuta wa wasa dubu barkatai a jiki alhali Super Mario da Contra ne da 'yan kaɗan ake ta maimaitawa. Masu nemansu yanzu magidanta ne, ma'aikaci ko malamin Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da ya tuna ƙuruciya yana so ya nuna wa ɗansa. Sai ya je gida ya tarar bindigar wasan harbin agwagwa ba ta aiki da talabijin shafaffe, dole sai tsohon nan mai ƙeya. Shi ya sa har yau irin wannan talabijin yake da masu saye.

Wuta ita ce babbar abokiyar gaba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, awa guda ta janareta ta zama abin lissafi, masu hali suka koma sola da batir. Nan ma tsohuwar na'ura ta yi wa sababbi fintinƙau: siririyar PS2 da ta fito a 2004 wuta kaɗan take sha, PS3 kuwa ga ci ga zafi, in ta nuna 'yar fitila ruwan ɗorawa ta mutu, gyaranta ba ya daɗewa. Ga tsawar damina, wadda a kudancin Kaduna ba wasa ba ce, ga wutar da kan dawo da ƙarfi ba sallama.

Sai dai mafi yawan ƙunar da ake kawowa teburin injiniya a ranar farko take faruwa. Na'urar da aka ƙera don Japan wuta 100 take ɗauka, ta Amurka 120, tamu kuwa 230 ce. Mai saye ya isa gida da ɗoki, ya cusa a soket, sai ƙauri. Mai karatu, in ka sayi babbar PS2, juya ta ka karanta takardar gindinta tun kana gaban mai shago, in ta Japan ce ko ta Amurka ka haɗa da na'urar rage ƙarfin wuta kafin ka bar wurin.