Tsibiran Binuwai da Kunyar Ayu

Mutumin garin Shabu a Jihar Nasarawa da ke cin tuwo da miyar kifin banda da wuya ya tuna da tsibiran Binuwai, kogin da ya taso daga Kamaru, ya ratsa kudancin Jihar Nasarawa ta Tunga da Loko, ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Da rani ruwa kan janye, tuddan yashi su fito tsakiyar kogi. Daga Agusta zuwa Oktoba ya sake haɗiye yawancinsu. Shi ya sa ba mai kafa gida a kai. Sai dai rashin bukka bai mai da tsibiri wurin banza ba. A kan yashin tsuntsayen bakin ruwa ke ajiye ƙwai, har akwai mai binne nasa, ya jiƙa gashin cikinsa a kogi ya dawo ya sanyaya shi. Idan ruwa ya rufe ciyawar gefe kuma, nan 'ya'yan kifi ke fakewa, nan ayu ke kiwo.

Labarin da ake bayarwa shi ne ayu Bafulatana ce da surukinta ya tarar tana wanka, kunya ta sa ta faɗa ruwa ba ta sake fitowa ba. Wani zai ce tatsuniya ce, kuma gaskiyarsa. Amma a duba aikin da take yi: wanda ya tashi yana jin cewa dabbar nan mutum ce, hannunsa kan yi nauyi kafin ya ɗaga mashi. Ayu na ɗaukar ciki kusan shekara, ta haifi ɗa guda, don haka kowace aka bari ta wuce riba ce. Dokar tarayya ta 1985 ta hana farautarta, amma wane jami'i ke kwana a tsakiyar kogi? Sarkin ruwa da tsoron abin da iyaye suka faɗa su ke nan a wurin.

Suka mafi ƙarfi ita ce camfin da ke kare ayu shi ke kashe ta, tunda ana neman man ayu don farin jini da mallaka. Haka ne, sai dai wannan buƙata ta masu saye ce a birni, ba ta masunta ba. Wata babbar barazana ga tsibiran ma ba ta san tatsuniya ba: madatsar Lagdo da ke kan kogin a Kamaru, wadda tun 1982 take sauya lokacin cikar kogi. Idan aka saki ruwa ba a kan kari ba, ƙwan da ke cikin yashi ne ke fara tafiya.